Ragowar Madara

Tun ranar da kawunsa ya sa masa lomar shinkafa ta farko a baki, a bikin cikarsa wata shida, yaron ya rage shan madara. Sai ya zuƙi rabin kwalba ya kau da kai.

Kakarsa ba ta damu ba, haka yara suke in sun ɗanɗani abinci. Abin da ya tsaya mata a rai, matar ɗanta ba ta daina dama kwalba cike ba.

"Ke 'yar nan, madarar gwangwani ruwan kogin Padma ce? Rage awo mana!"

"To, Inna." Amma ba ta rage ba.

Ran nan da hantsi tsohuwar ta bi ta har gindin mangwaron bayan gida, inda aka binne yayar yaron, wadda ta rasu tana jaririya. A al'adarsu, jaririn da ya mutu bai ci shinkafa ba binne shi ake yi, ba a ƙona gawarsa kamar ta manya.

Uwar ta durƙusa, ta ɗiga madarar a bayan hannunta ta ji ɗuminta, sannan ta tsiyaye a ƙasa.

"Shi ya samu shinkafa, Inna," ta ce, ba ta juyo ba. "Ita har yau madara kaɗai take sha."