Ƙofar Zuciyar Malam Babakura

"Wasu ƙarfe aka sa musu, wasu fatar saniya," in ji Malam Babakura, yana nuna wa 'yan dubiya ɗinkin ƙirjinsa. "Ni kuwa fatar zuciyata likita ya yanka, ya ɗinka min sabuwar ƙofar jini. Babu kayan kowa a jikina!"

Sati biyar ke nan yana kwance a Azare, ko buta an hana shi ɗauka, balle komawa Katagum. Gidan ma na Sha'aban ne, surukin da Malam ya rantse ba zai ƙara shan inuwa ɗaya da shi ba.

Sha'aban ya leƙo da sallama.

Malam ya ce, "Kaltum, gaya wa mijinki ya fita. Gobe zan bar gidan nan, ko da rarrafe!"

'Yar tasa ta durƙusa. "Baba, ƙofar zuciyar dai taka ce. Amma da jini ya ƙare maka a ɗakin tiyata, na mijin nawa, Baban Khaulat, kaɗai ya dace."

Tsoho ya dafa ƙirji. Jinin surukin na ciki, yana ta kai da komo.

"Shi ya sa," ya ce. "Tun da na farfaɗo nake jin lalaci."