Wata Goma Sha Ɗaya Ba Rarrafe

"Taho, ɗan albarka, taho!" Na durƙusa ina kaɗa masa murfin kwano. Ya dube ni, ya yi dariya, bai motsa ba.

Watansa goma sha ɗaya, ba rarrafe. Likita ya ce ƙafafunsa lafiya lau. Surukata kuwa ta ce laifina ne.

"Kullum kina makaranta kina koyar da 'ya'yan wasu, naki ko jan ciki bai iya ba. Ko dai wani cikin gare ki, Malama?"

"Haba Inna," in ji maigidana daga kan tabarma. "Ni nake yini da shi. Zai yi."

Ranar Asabar ina wanke-wanke sai na ji Inna ta rangaɗa guɗa. "Ya taso! Malalacin ya taso!"

Na shigo da gudu, hannuna duk kumfa. Kafin in iso guɗar ta tsaya.

Yaron yana tafiya kam, amma a zaune. Ya dafa ƙasa da hannu biyu, ya ja jiki gaba, sannan ya kamo ƙafa ɗaya ya ajiye, ya kamo ɗayar. Daidai yadda babansa yake zuwa banɗaki tun bayan hatsarin mota. Ya waiwayo yana jiran a yaba masa.

Babansa ya tafa masa sau biyu. Bai dube ni ba ya ce:

"Daga Litinin ki riƙa kai shi maƙwabta. Ya ga masu ƙafa."