Ƙwayar da Ta Zo Daga Jamus

Alhaji ya sa an share zaure, maƙwabta sun taru su ga injin da ɗansa ya ƙera a Jamus ta Yamma, wajen karatun digiri na biyu.

Yaron ya buɗe auduga, ya ɗora masa wani abu a tafin hannu, bai kai ƙwayar dawa ba.

"Baba, aikin nawa ke nan."

Alhaji ya leƙa waje, ko wata mota na tafe da sauran. Shiru. Ya jujjuya abin, ya rasa gabansa da bayansa. Shi da ya tsufa yana awon hatsi a kasuwar Kurfi, gwaji ɗaya ya sani.

Ya kai baki ya ciza. Ƙas!

"Madalla, ya bushe," in ji shi. "To, ina buhun?"