Yaron da Aka Bari Cikin Rijiya

Har yau in na ji warin albasa, rumfar Kaka a Dandin Mahe nake tunawa. Wata rana da la'asar tana tsince ruɓaɓɓu, ni kuma ina fassara mata littafin da na aro a makaranta, labarin wani yaro mai koyon sihiri. Duk shafin da na buɗe sai ta yi a'uziyya.

"Iyayen wanga yaro ba su da kunya," in ji ta. "Ci gaba."

A shafin ƙarshe, maƙiya suka jefa yaron cikin rijiya, sandarsa ta karye, ruwa ya kai masa wuya. Na rufe littafi.

"To, sai mi?"

"Ya ƙare, Kaka. Sai littafi na biyu."

Ta yar da albasar hannunta. "Ba ƙurunƙus? Ɗan mutane na cikin rijiya, mai labari ya tashi ya tahi abinai?"

Nan take ta ƙarasa da kanta. Wani Bafulatani ya zo shayar da shanu, ya zura guga, ya jawo yaro, ya zane shi, ya kai shi makarantar allo. Ƙurunƙus.

Can sai ta yi ƙasa da murya. "Amma in na biyun ya zo, ka kawo in ji ƙaryarsu."

Sai bayan rasuwarta na same shi. Wai wani tsuntsun wuta ne ya ceci yaron. Ƙarya ce, Kaka. Bafulatani ne.