Ƙuri'ar Izzuddeen

Izzuddeen, abokin karatun jikata Riskuwa, ya sake sallama da takardar tambayoyinsa. Wai bincike yake kan karatun yara, da ƙuri'a aka zaɓi gidajen Argungu.

Na ce, "Malam, ƙuri'arka ta faɗo gidanga sau biyar, ga shi ba mu da ɗan firamare. Riskuwa, ke da kinka san lissafi, yana yiwuwa?"

Ta sunkuyar da kai tana murmushi. "Lissafi bai yarda ba, Kaka. Da hannun mai zaɓe a ciki."

Alƙalami ya suɓuce masa. Da ƙyar ya dube ta. "Saura tambaya ɗaya, ba ta cikin takarda."

"An amsa ta tun zuwan farko," in ji ta.

Na ce, "To, turo magabatanka. Ka kwatanta musu gidan, kada su tsaya jefa ƙuri'a."