Hanta Mafi Lafiya a Unguwa

Doka ta ce duk wanda hantarsa ta fi lafiya a unguwa, shi za a yanki rabinta a dasa wa majinyaci. Barau bai taɓa kawo kansa a ciki ba. Shekara goma matarsa Kande tana dafa masa zogale da tsamiya, ta hana shi maiƙo.

Ranar Talata wani ma'aikacin lafiya ya zo gidan, ya kara masa na'ura a ciki, ya washe baki. "Barka, Malam, kai ne na ɗaya! Alhaji Maikaji na jiran hantarka."

"Mai cin balangu safe da yamma? Ni na ƙuntata wa cikina, kuma ni za a yanka?"

"Akwai gwajin ƙarshe ranar Juma'a."

Kande ta sauke tukunyar zogalen. "Maigida, in soya maka kitse?"