Kwana Biyu a Connemara

Mako guda Cathal ya kama hayar ɗan gidan nan a karkarar Connemara ko aurensu zai gyaru, ga shi yau za a mayar da makulli. Ruwa na dukan taga, matarsa Eithne na cusa kaya a jaka, ta ƙi ɗago kai.

Ya tare ƙofa. "Na roƙi masu gidan, sun ƙara mana kwana biyu."

"Shekara tara na ba ka. Kwana biyu me za su gyara?" in ji ta. "Tafiya zan yi, na rabu da kai."

"To dube ni ki ce kin daina sona, ni zan kai ki tasha."

Ta dube shi, can ta saki jakar, ta zauna bakin gado.

"Ɗora shayi. Amma ban ce na fasa ba."